Ma'anar Ibanjelika: daga wa'azin ceto zuwa akwatin zaɓe a Amurka

Duk sa'ad da zaɓen shugaban ƙasa ya ƙarato a Amurka, akwai wata kalma da ba ta barin bakin masu sharhi: Evangelical, wadda a harshen Bahaushe take fitowa Ibanjelika. A ce 'yan Ibanjelika sun mara wa wane baya, ko a ce wane yana zawarcin ƙuri'unsu. Mai sauraro zai iya ɗauka wata ɗarika ce guda, mai shugaba ɗaya da zai ce a yi gabas kowa ya yi gabas. Ba haka ba ne. Ba su da Fafaroma, ba su da hedikwata, ba su da rajistar mambobi. Za ka same su a cikin Baftis, da Methodis, da Angilika, da Fentikos, da dubban majami'un da ba sa ƙarƙashin kowa.

Kalmar daga Girkanci ta fito, ma'anarta labari mai daɗi, abin da Kiristocin ƙasar Hausa ke kira bishara. Daga wannan tushen ne kalmar Linjila ta samo asali. Kuma ba baƙuwa ba ce a wurinmu: harafin farko na ECWA, ikkilisiyar da ke da hedikwata a Jos wadda ta tsiro daga aikin mishan na SIM, wannan kalmar yake wakilta.

To me mutum zai gaskata kafin a kira shi da wannan suna? Ma'aunin da aka fi amfani da shi na wani masanin tarihi ne ɗan Birtaniya, David Bebbington, wanda ya fitar a 1989. Ya ce abubuwa huɗu ne. Littafi Mai Tsarki shi ne hukunci na ƙarshe, sama da al'adar ikkilisiya da maganar kowane shugaba. Mutuwar Yesu Almasihu a kan gicciye ita ce fansar zunubi, ba ayyukan mutum ba. Sannan dole mutum ya tuba da kansa ya karɓi wannan ceto, abin da suke kira sake haihuwa, suna kafa hujja da Yahaya 3:3. Haihuwa a gidan Kirista ba ta wadatar ba. Na huɗu, wanda ya samu ceto ba ya zama shiru, sai ya kai bishara ga wasu, ya kuma nuna ta a aikace.

A duba huɗun nan da kyau. Babu jam'iyya a ciki, babu haraji, babu bindiga, babu baƙin haure. Aƙidar tana maganar yadda mutum zai tsira a gaban Allah ne. Ayoyin da suka taɓo mulki kuwa, kowane ɓangare yana da abin kamawa. Mai son nesa da siyasa zai karanto faɗar Yesu a Yahaya 18:36 cewa mulkinsa ba na wannan duniya ba ne, da umarnin a ba Kaisar abin da ke na Kaisar, a ba Allah abin da ke na Allah. Mai son shiga zai ce an kira masu bi gishirin duniya da haskenta, ya ƙara da Romawa 13 da ke cewa Allah ne ya kafa hukuma. Ta ƙofa ta huɗun nan, wato aikatawa, siyasa ke shigowa, amma ƙofar ba ta rubuta sunan ɗan takara a jikinta ba.

Shi ya sa tarihi ya fi aƙida bayyana yadda aka zo nan. Bayan shari'ar Scopes ta 1925 a jihar Tennessee, inda aka gurfanar da malamin makaranta saboda koyar da ra'ayin Darwin kan asalin halittu, jaridu suka mai da masu ra'ayin riƙau abin dariya. Da yawansu suka janye jiki, suka koma gina makarantun Baibul da gidajen rediyonsu. A 1942 aka kafa ƙungiyar 'yan Ibanjelika ta ƙasa, NAE, domin a fito daga wannan ɓuya ba tare da an saki aƙida ba, kuma Billy Graham ya zama fuskar tafiyar. (Ya yi wa'azi a Kaduna da Jos a rangadinsa na Afirka a 1960.) Graham ya kusanci shugabanni, musamman Richard Nixon, kuma bayan badaƙalar Watergate da ta sa Nixon ya sauka daga mulki, Graham ya nuna nadamar zurfin da ya yi. Har a 1965 Jerry Falwell, faston Baftis a Lynchburg ta jihar Virginia, yana wa'azin cewa an kira masu wa'azi su ceto rayuka ne, ba su zama 'yan siyasa ba. Da fastocin da ke zanga-zangar neman 'yancin baƙar fata yake.

Shekara 14 bayan nan, shi wannan Falwell ne ya kafa ƙungiyar siyasa ta Moral Majority a 1979, tare da 'yan siyasa masu ra'ayin mazan jiya irin su Paul Weyrich. Me ya sauya? Amsar da aka saba bayarwa ita ce hukuncin Kotun Ƙoli na 1973 da ya halatta zubar da ciki. Akwai gaskiya a ciki, amma ba duka ba ce. A 1971 babban taron Baftis na Kudu, ɗarikar Furotesta mafi girma a ƙasar, ya zartar da ƙudurin goyon bayan a halatta zubar da ciki a wasu yanayi, kamar fyaɗe ko barazana ga lafiyar uwa. A lokacin an fi ɗaukar yaƙi da zubar da ciki a matsayin harkar Katolika. Masanin tarihi Randall Balmer ya daɗe yana cewa abin da ya fara tunzura shugabannin shi ne yunƙurin hukumar haraji na janye rangwame daga makarantun Kirista masu wariyar launin fata, irin Jami'ar Bob Jones, wadda ta sha kaye a Kotun Ƙoli a 1983. Wasu masana na ganin ya zuzuta wannan dalili, suna kawo batun hana addu'a a makarantun gwamnati da sauyin al'adun aure da iyali. Ko wanne aka fi ba nauyi, haɗin na ƙarshen shekarun 1970 ne, mutane suka ƙulla shi da dabara.

Zaɓen 1980 ya nuna irin cinikin da aka ƙulla. Shugaba mai ci, Jimmy Carter, ɗan Baftis ne, malamin makarantar Lahadi, wanda ya faɗi da bakinsa cewa an sake haifuwarsa. Abokin takararsa na jam'iyyar Republican, Ronald Reagan, tsohon ɗan fim ne da ya taɓa sakin aure, kuma shi ya sa hannu a dokar da ta sassauta zubar da ciki a California a 1967. Yawancin fararen 'yan Ibanjelika suka bar ɗan'uwansu a bangaskiya, suka bi Reagan. A wani taron fastoci a Dallas a watan Agusta na shekarar, Reagan ya ce musu ya san ba za su iya mara masa baya a fili ba, amma shi yana mara musu baya.

Wannan maganar tasa tana da tushe a doka. Tun 1954 akwai wani sashe a dokar haraji da ake kira gyaran Johnson, da sunan Lyndon Johnson wanda ya gabatar da shi yana sanata. Sashen ya ce duk ƙungiyar da aka yafe wa haraji, har da coci da masallaci, ba za ta goyi bayan ɗan takara ko ta yaƙe shi ba. Ba a hana fasto magana a kan zubar da ciki ko yaƙi ko talauci ba, ba a kuma hana shi bayyana zaɓinsa a matsayinsa na ɗan ƙasa ba. Abin da aka hana shi ne ya yi da sunan majami'a, ko da kuɗin baiko. Dokar ta fi haushi fiye da cizo. Misalin da kowa ke kawowa shi ne wata coci a jihar New York da ta sayi shafi a jarida a 1992 tana gargaɗin Kiristoci kada su zaɓi Bill Clinton, aka janye mata rangwamen a 1995. Daga 2008 wasu fastoci suka riƙa ware wata Lahadi suna ambaton ɗan takara a mimbari da gangan, har su aika wa hukumar haraji wa'azin, suna neman a kai su kotu. Hukumar ta fi yin kunnen uwar shegu. Donald Trump ya yi alkawarin rushe dokar a 2017, majalisa ba ta soke ta ba. A Yulin 2025 kuma hukumar harajin, wato IRS, ta shaida wa wata kotu a Texas cewa a fahimtarta, abin da majami'a ta faɗa wa mambobinta game da 'yan takara a lokacin ibada bai saɓa wa dokar ba.

Amma yawancin fastoci ba sa kiran suna, kuma ba sa bukata. Ƙungiyar Christian Coalition da Pat Robertson ya kafa a 1989 ta ƙware a wata hanya: takardar jagorar mai zaɓe, wadda ake rabawa a ƙofar coci ranar Lahadin da ta gabaci zaɓe. Babu inda ta ce zaɓi wane. Sai dai ta jera matsayin kowane ɗan takara a kan batutuwa kaɗan da ita ta zaɓo, kuma zaɓen batutuwan shi ne dukan aikin. Idan an sa zubar da ciki da auren jinsi aka bar kula da marasa lafiya da baƙi, an riga an gama magana.

Wurin da aƙida ta fi shan matsi shi ne batun halin shugaba. A 1998, ana tsakiyar abin kunyar lalata na shugaba Clinton, Baftis na Kudu suka zartar da ƙuduri cewa halin mai riƙe da muƙami abin dubawa ne, kuma yin shiru a kan lalatar shugabanni yana kashe lamirin al'umma. Cibiyar bincike ta PRRI ta tambayi fararen 'yan Ibanjelika a 2011 ko shugaban da ya yi aikin assha a rayuwarsa ta sirri zai iya riƙe amanar jama'a. Kashi 30 cikin 100 suka ce zai iya. A 2016, da Trump ya zama ɗan takara, adadin ya kai kashi 72. Babu ayar da ta sauya a shekara biyar ɗin. Sai aka nemo Sairus sarkin Farisa, wanda ba ya cikin jama'ar Isra'ila amma Ishaya 45 ta kira shi shafaffen Ubangiji, aka ce Allah kan yi aiki da wanda ya ga dama. Wasu ba su ma wahalar da kansu da tafsiri ba, suka ce shugaban ƙasa muke zaɓa, ba fasto ba. A ganina wannan ta biyun ta fi gaskiya, domin ta amince cewa lissafi ake yi. Lissafin kuwa ya biya: alƙalai uku da Trump ya naɗa suna cikin waɗanda suka soke hukuncin 1973 a watan Yunin 2022.

Adadin da aka fi ambata shi ne kashi 81 cikin 100 na ƙuri'un 'yan Ibanjelika da Trump ya samu a 2016. George W. Bush ya samu 78 a 2004, Mitt Romney ma 78 a 2012, duk da shi ɗan Mormon ne, ɗarikar da yawancinsu ba sa ɗauka a matsayin Kiristanci na gaskiya. Sai dai a lura da wa ake ƙirgawa. Masu jin ra'ayi a bakin rumfar zaɓe tambaya ɗaya suke yi, ko mutum yana kiran kansa ɗan Ibanjelika ko wanda aka sake haifa, sannan su ware fararen fata su ba da adadinsu. Ba a tambayar abin da ya gaskata game da gicciye, kuma akwai masu amsa e waɗanda ba sa leƙa coci sai jefi-jefi. A gefe guda, majami'un baƙar fata, inda za ka ji wa'azin tuba da ceto daidai da na Falwell, mabiyansu mafi rinjaye jam'iyyar Democrat suke zaɓa, kuma su ma suna kwasar mutane daga coci zuwa rumfar zaɓe. Littafi ɗaya, aƙida ɗaya, ƙuri'a daban. Tarihin bauta da wariya ya koya musu karanta labarin Musa da Fir'auna da wani kunne.

Akwai dai wuri ɗaya da wata fassarar nassi ke kaiwa kai tsaye ga manufar gwamnati, shi ne Isra'ila. Wani babban ɓangare na 'yan Ibanjelika na ɗaukar alkawarin Farawa 12:3, cewa Allah zai albarkaci wanda ya albarkaci Ibrahim, a matsayin magana a kan ƙasar Isra'ila ta yau, suna kuma ganin kafuwarta a 1948 cikar annabci ce kafin dawowar Almasihu. Fasto John Hagee ya kafa ƙungiyar Kiristoci masu goyon bayan Isra'ila a 2006, kuma shi da Fasto Robert Jeffress ne suka yi addu'a a bikin buɗe ofishin jakadancin Amurka a Ƙudus a watan Mayun 2018. Ba duka ne ke bin wannan fassara ba. Masu bin tauhidin John Calvin, ɗaya daga cikin jagororin Furotesta na farko, da yawa sun ƙi ta, haka ma Kiristocin Falasɗinu.

Nijeriya ma tana jin nauyin wannan ƙuri'a, ta fuska biyu. Shirin PEPFAR na 2003, da ya kawo maganin cutar ƙanjamau kyauta asibitocinmu, ya samu goyon bayan shugabannin Ibanjelika a zamanin Bush. Haka kuma ƙungiyoyinsu na cikin masu matsa lamba a kan sanya Nijeriya a jerin ƙasashen da ake zargi da tauye 'yancin addini, wanda aka yi a Disambar 2020, aka cire ta a Nuwambar 2021, Trump ya sake sanar da mayar da ita a ƙarshen Oktoban 2025.

A cikin gida kuwa ba a daina gardama ba. Mujallar Christianity Today, wadda Billy Graham ya kafa a 1956, ta buga sharhi a Disambar 2019 tana neman a tsige Trump, ɗansa Franklin Graham ya fito ya yi tir da ita. John Piper, ɗaya daga cikin malamansu da aka fi saurare, ya rubuta a 2020 cewa girman kai da ƙarya a wurin shugaba suna halaka al'umma kamar yadda mummunar doka ke yi, ya ce ba zai zaɓi ko ɗaya cikin manyan 'yan takarar biyu ba. Russell Moore, ɗaya daga cikin jagororin Baftis na Kudu mai adawa da Trump, ya bar muƙaminsa a 2021 bayan shekaru ana sukar sa. Waɗannan ba masu sassaucin aƙida ba ne, duka huɗun Bebbington suna riƙe da su gam. Amma ba su ja jama'a ba: a 2024 ma kusan takwas cikin kowane fararen 'yan Ibanjelika goma Trump suka zaɓa.