Farar giwa ba ta nufin aikin da aka yasar

Kwanan nan ina zaune a teburin mai shayi, rediyonsa na rataye a jikin ƙusa, na ji wani ɗan siyasa yana kukan wata kwalbati da aka fara a unguwarsu aka bari. Ya ce ai wannan "white elephant" ce, wato farar giwa a Turance, mai gabatar da shirin kuma ya fassara masa da "aikin banza". A mako guda sau uku ina jin haka, kuma abin yana damuna, domin an ɗauki kalma mai nauyi ana sa ta ɗaukar kayan da ba nata ba.

Asalin maganar daga Siyam ne, ƙasar da aka sauya wa suna zuwa Tailan a 1939. A can da maƙwabciyarta Bama akan sami giwa mai hasken fata, ba fara fat ba, jaja-jaja ce. Mabiya addinin Buda na girmama ta ƙwarai, don a labarinsu mahaifiyar Buda ta yi mafarkin farar giwa kafin ta haife shi. Duk inda aka ga irinta, ta sarki ce, har hotonta ke kan jar tutar Siyam zuwa 1916. Ba a sa ta jan itace, ba a ɗora mata kaya, ba a sayar da ita. Labarin da ya yaɗu a wurin Turawa shi ne, idan sarki ya ƙullaci wani bafade sai ya ba shi kyautarta. Ka duba halin mutumin nan: dabbar da kan cinye kusan kilo 150 na ciyawa a yini, ga masu yi mata hidima, ga ɗakinta na musamman. Kyautar sarki ba a mayarwa, ba a kuma barinta ta rame. Haka zai yi ta ciyar da ita har ya tsiyace, mutane na taya shi murna.

To, ka ga sharaɗin kalmar ke nan. Abu ne mai tsada da ban sha'awa, ba ya kawo komai, kullum yana ci, kuma ba dama a rabu da shi. Kwalbatin can ba ta cin ko sisi, tana nan ciyawa ta rufe ta. Sunanta yasasshen aiki, laifinta daban.

Misalin da ya cika sharaɗin shi ne filin ƙwallon Manaus a Barazil, tsakiyar dajin Amazon. An gina shi don gasar cin kofin duniya ta 2014, aka buga wasa huɗu, gasa ta watse. Kujeru sun haura dubu 40 a garin da ƙungiyoyinsa ba kasafai suke tara ko kusa da haka ba, amma kullum sai an kula da ciyawa, an biya wuta da masu gadi. A gida kuwa, kamfanin ƙarfe na Ajakuta da aka fara tun 1979 ya shiga sahu, ba don rashin kammalawa kaɗai ba, sai don duk shekara kasafin kuɗi na biyan albashi a wurin alhali ba a narka ƙarfen da aka gina shi dominsa.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne jin ana jifan mutum da ita, a ce ma'aikaci kaza farar giwa ne. Wanda aka ajiye a ofis ba a ba shi aiki ba, ba shi ya ajiye kansa ba.

Masu fassara a rediyo kuma ba sai sun wahala ba. Muna da alaƙaƙai, muna da ƙadangaren bakin tulu: a kar ka a kar tulu, a bar ka ka ɓata ruwa. Da an ce Ajakuta ta zama ƙadangaren bakin tulu, mai shayin nan ba zai tambayi kowa ma'ana ba.