Dearly Beloved: Faifan Da Aka Sakaya Sunan Matar Da Ta Riƙe Shi

Duk wanda ya san Stanley Turrentine, makaɗin jaz ɗan Amurka, da an ambace shi faifan Sugar na 1970 ne ke faɗo masa a rai. Ni kuwa wanda na fi komawa gare shi wani ɗan faifai ne na mutum uku, wanda sunan mutum guda daga cikinsu ma ba a rubuta shi daidai a jikinsa ba.

Wane faifai ne wannan, kuma su wa suka yi shi?

Sunansa Dearly Beloved. An ɗauke shi a watan Yunin 1961 a situdiyon Rudy Van Gelder da ke jihar New Jersey a Amurka, kamfanin Blue Note ya fitar da shi. Turrentine ne ke busa saksofon, Roy Brooks, makaɗin tawagar mai fiyano Horace Silver a lokacin, yana kan ganguna, sai mai kaɗa ogan wadda aka rubuta sunanta "Little Miss Cott". Wannan ba kowa ba ce illa Shirley Scott, matar Turrentine, da suka yi aure a 1960.

To me ya kawo ɓoye sunan?

Kwantiragi. Ita tana ƙarƙashin kamfanin Prestige, shi yana Blue Note, kuma kowane kamfani ba ya son a ci riba da sunan mutuminsa a gidan wani. Sai aka yi dabara. Abin dariyar shi ne a cikin watan nan dai ita ma ta ɗauki nata faifan, Hip Soul, a Prestige, mijinta ya yi mata busa, aka rubuta shi "Stan Turner". Mata da miji suna kwana gida ɗaya, amma a takarda kowa baƙo ne a faifan ɗan'uwansa. Ɓoyon ma na jeka-na-yi-ka ne, domin duk wanda ya furta "Miss Cott" da sauri zai ji "Miss Scott".

Salon faifan shi ake kira soul-jaz. Shi mene ne?

Jaz ne da ya koma gida. A ƙarshen shekarun 1950 wasu makaɗa baƙar fata na Amurka suka riƙa jawo kiɗansu na blues da waƙoƙin cocinsu zuwa cikin jaz, suka rage yawan lissafi da gudun yatsu, suka ƙara abin da ke sa mutum kaɗa kai ba tare da ya sani ba. Ginshiƙinsa ogan ne ƙirar Hammond B-3, na'ura mai kama da fiyano amma da lantarki take aiki, tana da jeri biyu na maɓallan hannu da kuma matakai na ƙafa. Asalin ogan ɗin Hammond an yi shi ne don cocin da ba su da kuɗin sayen babban ogan mai bututu, shi ya sa amonsa ke tuna wa mai sauraro ranar Lahadi ko da a gidan rawa yake zaune. Masu gidajen rawa na unguwannin Filadelfiya da Newark da Harlem sun so shi don wani dalili daban: mutum uku sun isa su cika ɗaki da sauti, ba sai an biya mutum shida ba.

Kafin su haɗu, wa ya fi suna?

Ita. Dukansu an haife su a 1934, ita a Filadelfiya, shi a Pittsburgh. Shirley Scott ta riga ta yi fice tare da mai busa saksofon Eddie "Lockjaw" Davis, musamman a fayafayansu na Cookbook na 1958, har ake mata kirari da sarauniyar ogan. Turrentine kuwa ya biyo ta tawagogin Lowell Fulson da Earl Bostic da Max Roach, sai a 1960 ya fara fitar da fayafayai da sunansa, a shekarar da ya yi wa shahararren mai ogan Jimmy Smith busa a faifan Back at the Chicken Shack. Saboda haka wanda ya ɗauka miji ne ya ja matarsa cikin sana'a, ya juya labarin.

Me ya kamata mutum ya kasa kunne ya ji a ciki?

Farko, abin da babu. A yawancin fayafayanta Shirley Scott takan ɗauki mai kaɗa bas ya riƙe mata ƙasan kiɗa, don hannayenta su sake. A nan babu shi. Ita ce ke riƙe da ƙasa, ita ce ke shimfiɗa wa mijinta tabarma, ita ce kuma ke karɓar nata zagayen idan ya ajiye. Aikin mutum biyu take yi, amma ba za ka ji alamar wahala ba.

Na biyu, yadda take barin fili. Masu ogan da yawa na zamanin sun bi sawun Jimmy Smith, suna zubo sauti kamar ruwan Agusta. Ita hannunta mara nauyi ne. Turrentine yana da busa mai kauri da ɗumi, yakan lanƙwasa sauti guda kamar mai shirin yin magana, kuma irin wannan busa tana bukatar wuri. Sai ka ji ya yi jimla ya tsaya, ita ta amsa masa da 'yan sautuka biyu ko uku, kamar mai waƙa da 'yar amshinsa da suka daɗe tare, ta san inda zai ja numfashi tun kafin ya ja.

Wanda yake da minti kaɗan ya fara da "Troubles of the World", tsohuwar waƙar ibada ta baƙar fatar Amurka. A hankali suke tafiya da ita, ogan yana gunji a ƙasa, saksofon yana bisa kamar mai wa'azin da bai ɗaga murya ba. Daga nan ya koma "Baia", wadda asalinta daga Barazil take, ya ji yadda Roy Brooks ke tura su gaba ba tare da ya danne kowa ba.

Idan yana da kyau haka, me ya sa ba a cika ambatonsa ba?

Masu sharhin jaz na wancan lokaci sun raina kiɗan ogan, suna ganin na mashaya ne, ba na zama a yi nazari ba. Blue Note kuma tana fitar da fayafayai masu yawa, manya sun rufe ƙanana. Sannan Turrentine ya koma kamfanin CTI a 1970 ya samu kasuwar da ta fi ta da nesa ba kusa ba, sai aikinsa na baya ya koma inuwa. A ganina ɓoye sunan ma ya yi nasa ɓarnar: mai neman fayafayan Shirley Scott zai iya wuce wannan bai san tana ciki ba.

Ina aka kwana da su?

Sun shafe kusan shekara goma suna aiki tare, suka bar fayafayai irin su Never Let Me Go da Hustlin' da Let It Go, wannan karon kowa da sunansa na gaskiya. Auren ya mutu a farkon shekarun 1970, haɗin kiɗan ma ya bi shi. Ita ta ci gaba da kiɗa, daga baya ta koyar a Jami'ar Cheyney a Pennsylvania. Turrentine ya rasu a Satumban 2000, ita kuma a Maris na 2002.