Sarki Henry na Takwas da matansa shida: ga amsoshin, a bar ni in huta

Da an taɓo zancen sarautar Ingila sai a dawo mini da tambayoyin nan. Bakina ya gaji, ga su nan wuri guda.

Da gaske mata shida ya aura?

Shida, daga 1509 zuwa 1543, wata bayan wata.

Me ya hana shi yi wa uwargidan kishiya kawai?

Kirista ne, cocinsu mace ɗaya ta sani. Ku daina auna shi da mudun gidajenmu.

Duk kashe su ya yi?

Haba! Biyu aka sare wa kai: Anne Boleyn a 1536, Catherine Howard a 1542. Jane Seymour tana cikin jego ta rasu. Ta ƙarshen, Catherine Parr, shi ya mutu ya bar ta.

Uwargidan, Catherine 'yar sarkin Sifaniya, sakinta ya yi?

To, nan sai an bi a hankali, don ya danganta da bakin wanda ka ji. A cocin Katolika babu saki. Abin da Henry ya nema shi ne a ce auren bai ɗauru ba tun asali, tunda Catherine ta fara auren wansa Arthur, wanda ya rasu a 1502. Ya kafa hujja da wata aya ta Baibul mai cewa wanda ya auri matar ɗan'uwansa ba zai samu haihuwa ba. 'Yarsu Mary na nan da ranta, amma shi sai ya fassara ayar da ɗa namiji. Ita kuwa Catherine ta rantse Arthur bai taɓa kusantarta ba, kuma wani Paparoma na baya ya riga ya ba da izinin auren. Wa zai tabbatar da abin da ya faru a ɗaki bayan shekara ashirin da wani abu?

Wataƙila da Paparoma Clement na Bakwai ya samo masa mafita, don an sha yi wa sarakuna irin wannan alfarma. Sai dai a 1527 sojojin Sarki Charles na Biyar, mai mulkin Sifaniya da Jamus, sun wawashe birnin Rum, mazaunin Paparoma, Charles kuwa ɗan yayar Catherine ne. Paparoma ya yi ta jan ƙafa. Da Henry ya ƙosa, babban limamin Kantabari, Thomas Cranmer, ya warware auren a 1533, majalisa kuma ta ayyana sarki shugaban cocin Ingila a 1534. Saboda haka a dokar Ingila ba saki ba ne, auren ne aka ce babu shi. A wurin Rum kuwa matarsa ce har ta rasu a 1536. Ni dai na fi gaskata rantsuwarta, amma ra'ayina ne kawai.

Me ya sa ya nace sai namiji?

Ubansa da takobi ya ci sarautar a 1485, gidan bai kafu ba tukuna. Kuma har lokacin mace ba ta taɓa zama daram a gadon sarautar Ingila ba.

Ya samu magajin?

Ya samu. Edward ya hau gado a 1547 yana ɗan shekara 9, ya rasu yana 15. Mary ta gaje shi, sannan Elizabeth, 'yar Anne Boleyn ɗin nan da doka ta taɓa kira shegiya. Ta riƙe Ingila daga 1558 zuwa 1603.