Sashe na 510: jimlar da ta hana majiyyatan Amurka samun lambar shaida guda

Duk shekara idan majalisar dokokin Amurka ta zauna rubuta dokar kasafin kuɗin ma'aikatun ƙwadago da lafiya da ilimi, akwai wata jimla da ake kwafowa daga ta bara a liƙa a ta bana. Ita ce ake kira sashe na 510. Abin da take cewa shi ne: kada a kashe ko sisi daga kuɗin da dokar ta ware wajen fitar da ƙa'idar da za ta bai wa kowane mutum lambar shaidar lafiya tasa shi kaɗai, har sai majalisa ta yi wata doka ta musamman da ta amince da ƙa'idar. Ƙungiyoyin ma'aikatan kula da bayanan lafiya, musamman AHIMA da aka kafa a 1928 mai hedikwata a Chicago, sun daɗe da sa cire wannan jimla a sahun gaba na abin da suke nema a wurin 'yan majalisa.

Asalin maganar daga dokar HIPAA take, wadda Shugaba Bill Clinton ya sa wa hannu a watan Agustan 1996. Yawanci an fi saninta da kare sirrin majiyyaci, amma a cikinta akwai umarnin a samar da lambobin shaida iri huɗu domin sauƙaƙa musayar bayanai ta kwamfuta: ta masu ba da kulawa kamar likitoci da asibitoci, ta masu ɗaukar ma'aikata, ta kamfanonin inshorar lafiya, da ta shi majiyyacin. Da Ma'aikatar Lafiya ta fara sauraron ra'ayin jama'a a kan ta huɗun a 1998, sai aka yi ca. A lokacin ba a ma rubuta ƙa'idar kare sirri ba, don sai a watan Afrilun 2003 ta fara aiki. Mutane suka ga za a rataya musu lamba alhali babu shingen da zai hana a bi ta a karanta tarihin ciwonsu. Ɗan majalisar wakilai Ron Paul na jihar Texas, wanda shi kansa likita ne, ya jagoranci shigar da haramcin a kasafin shekarar kuɗi ta 1999. Tun daga nan ake sabunta shi.

A lura da inda haramcin ya tsaya, domin nan ake yawan kuskure. Bai soke umarnin da ke cikin HIPAA ba. Umarnin yana nan daram, kuɗin aiwatar da shi aka toshe. Bai hana asibiti bai wa majiyyatansa lambar fayil ba, kuma kowane asibiti yana yi. Bai ɗaure hannun jihohi ko kamfanoni masu zaman kansu ba. Ita kanta gwamnatin tarayya tana da lamba ga masu cin gajiyar Medicare, shirin inshorar tsofaffi: haɗin harafi da alƙaluma goma sha ɗaya, da aka fara rabawa a sababbin katuna a 2018 don maye gurbin tsohuwar da aka gina a kan lambar tsaron zamantakewa, wato lambar da gwamnati ke bai wa mutane don lissafin fansho. Abin da aka hana shi ne lamba guda ta ƙasa baki ɗaya da za ta bi mutum daga wannan asibiti zuwa wancan. Sai dai tasirin jimlar ya fi lafazinta faɗi. Jami'in gwamnati da ya kashe kuɗi a inda majalisa ta hana yana iya shiga matsala, don haka aka shafe shekaru ana kaffa-kaffa da duk wani aiki da ya yi kama da shirin lambar, har da wanda bai kai can ba.

Me ya sa abin ya dami masu kula da fayil fiye da kowa? Saboda su ke share ɓarnar. Idan babu lamba guda, hanyar gane cewa wannan fayil na wannan mutum ne ita ce kwatanta suna, ranar haihuwa, jinsi, adireshi, lambar waya, wani lokaci da wani yanki na lambar tsaron zamantakewa. Kowane asibiti yana da babbar rajista ta dukan majiyyatansa. Manhajar da ke bayanta tana bai wa kowane bayani nauyi, ta haɗa maki. Makin da ya haura wani iyaka sai ta ce mutum ɗaya ne, wanda ya yi ƙasa sosai ta ce mutane biyu ne, na tsakiya kuma ta jera shi a layin da ma'aikaci zai duba da idonsa. Wannan layin tsakiyar shi ne ke cin ranar ma'aikata.

Kuma sunaye suna maimaituwa fiye da yadda ake zato. A 2011 hukumar asibitocin gundumar Harris, inda birnin Houston yake, ta duba rajistarta ta tarar da majiyyata 2,488 masu suna Maria Garcia, kuma 231 daga cikinsu sun yi tarayya da wata a ranar haihuwa ma.

Kuskuren iri biyu ne, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Na farko, mutum ɗaya ya samu fayil biyu. Ya zo sashen gaggawa da dare, mai rajista ya nemi sunansa da harafi ɗaya a karkace, bai gan shi ba, ya buɗe sabo. Yanzu bayanin cewa jikinsa ba ya karɓar penisilin yana tsohon fayil, likita kuwa sabon yake kallo. Ana sake gwajin da aka riga aka yi, inshora ta ƙi biya saboda bayanai sun saɓa. Gyaransa a haɗe fayil ɗin biyu bayan an tabbatar. Na biyu ya fi muni: mutum biyu a fayil ɗaya. Mai rajista ya zaɓi sunan da ya fara fitowa a allo, ko kuma wani ya haɗe fayilolin da bai kamata ba. Rukunin jinin wani, magungunansa da sakamakon gwajinsa sun shige tarihin wani. Warware wannan ba danna maɓalli ba ne. Sai an bi kowace takarda, kowane gwaji, kowane hoto, an tantance na wane ne, sau da yawa tare da likitan da ya duba su, sannan a sanar da ɗakin gwaji da kantin magani da inshora da duk asibitin da aka riga aka tura wa fayil ɗin. Idan kuma an riga an miƙa wa ɗaya daga cikin majiyyatan biyu kwafi, ko ya gani a shafinsa na intanet, magana ta koma tonon sirri, wanda HIPAA ta ce a sanar da wanda abin ya shafa cikin kwana 60 da ganowa.

Tushen yawancin wannan ƙananan abubuwa ne a teburin rajista. Mace ta canja suna bayan aure. Mai sunan iyali biyu, wani ya sa karan ɗori a tsakani, wani ya haɗe su, wani ya jefar da ɗaya. An juya wata da rana a ranar haihuwa. An cike gurbin da ba a sani ba da 01/01/1900 ko jerin tara-tara, sai manhaja ta ga ɗaruruwan mutane da bayani iri ɗaya. Jarirai ana yi musu rajista kafin a raɗa suna. Tagwaye kuwa ranar haihuwa ɗaya, adireshi ɗaya, lambar waya ɗaya, sunaye masu kama da juna. Duk wanda ya yi aikin nan ya san su ne suka fi rikita manhaja.

To, ta yaya ƙungiyoyin suke tsara yaƙinsu? Abu na farko da suke la'akari da shi shi ne kalandar kasafi. Shekarar kuɗin tarayya tana farawa ranar 1 ga Oktoba, kwamitocin kasafi kuma suna rubuta daftarinsu a watannin da suka gabace ta. Wanda ya kai kukansa bayan an gama daftari ya makara, shi ya sa ake tura mambobi ofisoshin wakilansu tun farkon shekara. Akwai kuma tarko: idan majalisa ta kasa gama kasafi ta yi dokar wucin gadi ta ci gaba da na bara, sharuɗɗan bara suna biyo kuɗin, har da sashe na 510. A watan Yunin 2019 majalisar wakilai ta amince da gyaran da Bill Foster na Illinois da Mike Kelly na Pennsylvania suka kawo na cire sashen, ɗaya ɗan Democrat, ɗaya ɗan Republican. Ta sake yin haka a 2020. Amma sai an daidaita da majalisar dattawa, inda Sanata Rand Paul, ɗan Ron Paul, yake cikin masu tsayawa kai da fata a kan a bar shi, kuma a dokar ƙarshe jimlar takan dawo.

Wannan ya sa suka canja salon magana. Gamayyar Patient ID Now da aka kafa a 2020, wadda AHIMA da ƙungiyoyin fasahar bayanan lafiya HIMSS da CHIME da ƙungiyar likitocin tiyata ta Amurka suke ciki, ba ta ce lallai sai lamba ba. Cewa take a cire haramcin domin gwamnati ta iya zama da masu ruwa da tsaki a tsara dabarar ƙasa, ko lamba ce, ko wata hanya. Dabara ce mai kyau, don kalmar lamba ita ce ke tayar da hankali.

Sannan suka buɗe fage na biyu, wato abin da za a iya yi ba tare da an taɓa sashen ba. Dokar Cures ta 2016 ta umarci ofishin binciken gwamnati ya yi nazarin matsalar daidaita fayil, rahoton ya fito a Janairun 2019. A farkon 2022 ofishin da ke kula da fasahar bayanan lafiya ya fitar da ƙa'idar rubuta adireshin majiyyaci, Project US@, bisa tsarin hukumar gidan waya, AHIMA kuma ta rubuta jagorar aiki da ita. Yana iya zama kamar ƙaramin abu, amma idan asibiti biyu suna taƙaita kalmar titi da lambar ɗaki ta hanya ɗaya, manhaja ta daina ganin gida ɗaya a matsayin biyu. A 2024 Kelly da Foster suka gabatar da ƙudurin MATCH IT, wanda babban burinsa shi ne a samu ma'ana guda ta yadda ake auna nasarar daidaita fayil. Ga dalilin: a ce rajista tana da fayil 100,000, kuma mutum 4,000 suna da fayil bibbiyu. Wani asibiti zai ƙirga fayilolin da suka yi rara ya ce kashi 4 cikin ɗari. Wani zai ƙirga duk fayil ɗin da abin ya shafa, 8,000, ya ce kashi 8. Na uku ba ya ƙirgawa sai waɗanda ma'aikaci ya tabbatar. Da irin wannan lissafi ba a iya kwatanta asibiti da asibiti, balle a ce wa majalisa ga girman matsalar.

Masu adawa ba su rasa hujja ba. Lambar tsaron zamantakewa an fara ba da ita a 1936 don lissafin fansho kawai, ta zo ta zama mabuɗin banki da bashi da aiki, ɓarayin bayanai kuma suka mai da ita abin farauta. Kutsen da aka yi wa Change Healthcare, kamfanin da ke sarrafa takardun biyan kuɗi tsakanin asibitoci da inshora, a 2024 ya shafi bayanan mutane kusan miliyan 190. Wanda ya ga haka yana da dalilin tsoron sabon mabuɗi. Amma akwai abin da hujjar take tsallakewa: rashin lambar bai rage bayanan da ke yawo ba, ƙara su ya yi. Don a gane mutum, sai an tura cikakken sunansa da ranar haihuwarsa da adireshinsa da wayarsa a kowace musaya, wasu kamfanonin ma suna kwatantawa da tarin tsofaffin adireshi da suka saya daga wasu majiyoyi.

Ko da an cire sashen gobe, babu lambar da za ta fito jibi. Sai ma'aikatar ta wallafa daftarin ƙa'ida, ta karɓi ra'ayin jama'a, ta fitar da ta ƙarshe, ta ba da wa'adi. Lambar masu ba da kulawa, wadda babu wanda ya hana, an umarta a 1996, ƙa'idarta ta fito a Janairun 2004, ta zama tilas a Mayun 2007. Alƙaluma goma ce, na ƙarshen na tantancewa ne, yana kama kuskuren bugu, kamar yadda lambar majiyyaci ta NHS, hukumar lafiya ta Ingila, take. Ta majiyyata za ta buƙaci irin wannan, da amsar tambayoyin da har yanzu ba a yanke ba: wa zai bayar, yaya za a yi da jariri da baƙo da wanda aka kawo a sume, yaya za a canja ta idan an sace. Kuma dole a liƙa ta a kan miliyoyin tsofaffin fayiloli ta hanyar kwatanta suna da ranar haihuwar nan dai. Inda rajista take da mutum biyu a fayil ɗaya, sabuwar lambar za ta hau kan kuskuren ta tafi da shi duk asibitin da aka tura, shi ya sa ƙungiyoyin suke matsa wa mambobinsu su tsabtace rajista su kafa ƙa'idar rubuta suna tun kafin majalisa ta yanke hukunci.