Waiwaye: yadda kalkuleta mai zane ta samu fuska irin ta kwamfuta

Duk wanda ya taɓa riƙe kalkuleta mai zane TI-83 Plus ko TI-84 Plus, irin waɗanda kan faɗo hannun ɗaliban lissafi da injiniyanci a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi ta hanyar kayan gwanjo, ya san fuskarta ba ta da ado: baƙin rubutu a kan allo mai ɗigo 96 a kwance, 64 a tsaye. Amma akwai wata manhaja da masu harkar ke kira shel, wadda idan aka ɗora ta sai allon ya koma kamar na kwamfuta, da gumaka da jakunkunan fayil har da kibiyar nuni. Aikinta kamar na zaure ne, ta nan ake bi a shiga sauran manhajoji.

Asalinta ba kwalliya ba ce. Lokacin da Texas Instruments ya fito da TI-85 a 1992, a cikinta akwai injin Zilog Z80, wato ƙwaƙwalwar da ke aiwatar da umarnai, amma kamfanin bai bar wa mai ita hanyar yi wa injin magana kai tsaye ba, sai ta harshen TI-BASIC mai tafiyar hawainiya. Sai wasu matasa suka gano dabara: a kwafe dukan ma'adanar kalkuletar zuwa kwamfuta ta waya, a sauya adireshin da wani zaɓi na jerin CUSTOM ke nunawa, a mayar. Da an danna zaɓin, injin ya faɗa cikin umarnin da aka dasa masa. Daga nan shel mai suna ZShell ta fito a 1994. Jerin sunaye ne kawai, ka zaɓa ka danna, amma ita ta buɗe ƙofar. David Ellsworth ya yi makamancin haka da Fargo a kan TI-92.

Kamfanin ya sassauta daga baya. TI-83 ta 1996 ta zo da hanyar gudanar da harshen inji, wato umarnan da injin ke ganewa kai tsaye, TI-83 Plus ta 1999 kuma ta zo da umarnin Asm( da ma'adanar Flash. Da an zaci shel ta mutu ke nan, sai ga buƙatarta ta ƙaru, kuma dalilin yana cikin ƙarancin wuri. TI-83 Plus tana ba mai ita kilobait 24 kacal na RAM, ma'adanar da manhaja ke gudana a cikinta, sai kilobait 160 na rumbun Flash, inda ake ajiya mai ɗorewa. Manhajar da ke rumbu ba ta gudana daga can, dole a fito da ita RAM tukuna. Shel ce ke wannan jigila: ta kwafo, ta gudanar, ta mayar. Haka kuma tana ɗauke da ƙananan umarnai na gama-gari, kamar na zana hoto a allo da sauri, don kada kowace manhaja ta maimaita su ta cinye wuri. Ion ta Joe Wingbermuehle, ta 1999, ita ta kafa wannan tsari, shi ya sa tsofaffin manhajoji da yawa ba sa tashi sai da ita ko wadda ta gaje ta. MirageOS ta biyo baya a 2000 da jakunkuna.

Wadda ta kai abin ga kama da kwamfuta sosai ita ce Doors CS ta Christopher Mitchell. Fitowa ta 7, a 2010, tana da tebur mai gumaka, kibiya da ake tuƙawa da maɓallan gefe, akwatunan tambaya da maɓallai da wasu masu rubuta manhaja za su iya ara, kuma tana karɓar manhajojin Ion da MirageOS. Illarta ita ce cin wuri: kilobait 48 take ci a rumbu, MirageOS kuwa 16. A kan TI-83 Plus wannan kusan kashi ɗaya cikin uku ne na rumbun, don haka ta fi dacewa da TI-84 Plus mai kilobait 480.

Abubuwan da ke lalacewa ba su sauya ba tun wancan zamani. Harshen inji ba shi da birki. Kuskure ɗaya sai allo ya daskare, a cire batir a mayar, a tarar da “RAM Cleared”, duk abin da ba a kai rumbu ba ya tafi. Mayar da manhaja rumbu bayan kowace gudanarwa kuma yana barin matattun kwafi, har na'urar ta tambayi “Garbage Collect?”, wato ko ta share su. A amsa mata da eh, amma kada a yi hakan da batir mai rauni, domin yankewar wuta ana cikin rubutu a Flash na iya ɓata abin da ke rumbun. Batir AAA guda 4 ne, da ƙarami na ko-ta-kwana a baya, wanda a na gwanjo sau da yawa ya daɗe da mutuwa. A zafin Sakkwato, batir mai arha da aka manta a ciki yakan zubo ya ci ƙarfen da yake taɓawa.

A 2020 tarihi ya maimaita kansa. TI-84 Plus CE mai launi, wadda ta fito a 2015 kuma shel ɗinta sananniya ita ce Cesium, ta samu sabon tsarin aiki da kamfanin ya cire wa harshen inji gaba ɗaya, saboda fargabar satar jarrabawa. Fargabar tana da tushe, amma hukuncin ya haɗa da yaron da wannan na'ura ce kaɗai kwamfutarsa. Cikin watanni aka fito da arTIfiCE, da ke bi ta wata kafa a manhajar zanen siffofin lissafi ta Cabri Jr. ta sake buɗe hanyar, kamar yadda ZShell ta yi shekara 26 kafin nan.

Saboda haka kafin ka biya kuɗin CE, danna 2nd, sai MEM, sai 1, ka duba lambar tsarin aikinta. Idan ƙasa da 5.5 ce, Cesium za ta hau kai tsaye, kuma kada ka sabunta ta, don ba ta yarda a koma baya.