Dokar Jones da haƙƙin ma'aikatan jirgin ruwa da suka ji rauni

Dokar Jones doka ce ta Amurka da aka kafa a 1920, ta samo sunanta daga Sanata Wesley Jones na jihar Washinton wanda shi ya kawo ƙudirin. An fi saninta da sharaɗin nan na cewa kayan da za a ɗauka daga wata tashar Amurka zuwa wata sai a jirgin da aka ƙera a can kuma mallakin 'yan ƙasar, amma sashen da ya fi shafar talaka shi ne wanda ya ba ma'aikacin jirgi damar maka kamfaninsa a kotu in ya ji rauni a bakin aiki saboda sakaci.

Da can ba haka abin yake ba. A 1903 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar wani jirgi mai suna Osceola cewa ma'aikaci ba shi da diyya don kawai kyaftin ko abokin aikinsa ya yi sakaci, sai dai in jirgin ne kansa bai da lafiyar shiga ruwa. Abin da ke hannunsa tabbas shi ne kuɗin ci da kwana da kuɗin magani, har ya warke ko likita ya ce iyakar sauƙin da zai samu kenan. Wannan haƙƙin tsoho ne sosai, tun dokokin tsibirin Oleron na Faransa a ƙarni na 12 akwai shi, kuma ba a tambayar waye mai laifi, ko kai ka zame da kanka sai an yi jinyarka. To dokar Jones sai ta ƙara a kan wannan, ta aro tsarin dokar ma'aikatan jirgin ƙasa ta 1908, wato sakacin kamfani ko ɗan kaɗan ne in dai da hannunsa a raunin ya isa, ana iya neman albashin da aka rasa da ma diyyar azabar da mutum ya sha. Wa'adin kai ƙara shekara 3 ne.

Leburorin tasha masu lodi da sauke kaya su nasu daban ne. A 1917 kotu ta hana iyalin wani lebura mai suna Jensen, da ya mutu wajen sauke kaya a New York, karɓar diyyar jiha, wai ai a kan ruwa abin ya faru kuma ruwa na gwamnatin tarayya ne. Sai a 1927 majalisa ta yi musu tasu dokar, a 1972 kuma aka faɗaɗa ta ta haɗa da bakin tasha. A nan ba sai ka nuna sakaci ba, ana biyan magani da kashi 2 cikin 3 na matsakaicin albashin mako, amma fa ba ka da ikon kai kamfaninka ƙara, sai dai mai jirgin in sakacinsa ne. Ana so ka sanar cikin kwana 30 ka kuma shigar da buƙata cikin shekara 1, kuma nan ne mutane da yawa ke yin asara don suna ganin ciwon zai wuce.

Shi ya sa rigimar lauyoyi kusan kullum a kan abu ɗaya take, shin mutumin nan ɗan jirgi ne ko ɗan tasha? A shari'ar Chandris da Latsis ta 1995 Kotun Ƙoli ta ce wanda bai kai kusan kashi 30 cikin 100 na lokacin aikinsa a jirgin da ke zirga-zirga ba, galibi ba a ɗaukarsa ɗan jirgi. Gaskiya ma'aunin bai warware komai duka ba, makanikai da masu aikin rijiyar mai a teku har yanzu ana ja a kansu.

Ɗan Najeriya da ke aiki a jirgi mai tutar wata ƙasa da wuya dokar Jones ta rufe shi. Abin dogaronsa yarjejeniyar ƙwadagon teku ce ta 2006, wadda ta fara aiki a 2013 kuma Najeriya ta amince da ita a shekarar, yarjejeniyar ta ɗora wa mai jirgi kuɗin jinya, kuma ƙasar da ke son taƙaita tsawon lokacin biyan ba za ta yi ƙasa da mako 16 ba.