Liposom da ƙwayoyin kitse masu dakon magani

Liposom wata mitsitsiyar jaka ce da ake haɗawa daga irin kitsen da ke zagaye da ƙwayoyin halittar jiki, a ɗura mata magani domin ya isa inda ake so ba tare da ya yi ɓarna a hanya ba. Alec Bangham ne ya fara bayyana ta a Ingila cikin shekarun 1960. Faɗin wadda ake amfani da ita a magani bai cika wuce nanomita 100 ba, wato sai an jera dubu goma kafin su cika milimita guda.

Da ciwon daji ta yi suna. A 1995 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da Doxil, wanda maganin ciwon daji ne mai suna doxorubicin aka kulle a liposom aka lulluɓe da PEG, wani sinadari mai ɓoye jakar daga garkuwar jiki. Doxorubicin tsura yana cutar da zuciya. Da aka kulle shi, sai ya daɗe yana yawo a jini har ya tsiyaya cikin ƙari ta jijiyoyinsa masu yoyo. Cutarwar zuciya ta ragu, amma wata ta bayyana: tafin hannu da na ƙafa su yi ja, su riƙa saɓa.

Fasahar ba ta tsaya ga ciwon daji kaɗai ba. AmBisome, wanda amphotericin B ne (maganin cututtukan fungus) a cikin liposom, ya sassauta illar maganin ga ƙoda. A 2018 aka amince da Onpattro na kamfanin Alnylam, mai dakon RNA (sinadarin da ke ɗauke da saƙon halitta) cikin ƙwayoyin kitse, dangin liposom, don wata cutar gado, sannan a 2020 rigakafin korona na Pfizer-BioNTech da na Moderna suka yi dakon mRNA, wani nau'in RNA mai umartar jiki ya haɗa furotin, cikin irin waɗannan ƙwayoyin kitse.

Waɗannan na baya kayan haɗinsu huɗu ne: kitse mai ɗaukar caji a ruwa mai tsami, kolestarol, fosfolifid, da ɗan kitse mai PEG, wanda bai kai kashi 2 cikin ɗari ba. Ana narka su a etanol, a gauraya cikin sauri da RNA da ke ruwa mai tsamin pH 4 (pH ma'aunin tsami ne), sannan a cire etanol a mayar da haɗin pH 7.4, daidai da na jini. Idan gaurayawar ta yi jinkiri, ƙwayoyin sai su fito manya, girmansu ya bambanta.

Masu zuba jari kan yi hasashen cewa jakar da ta yi aiki a cuta ɗaya za ta yi a goma, hannun jarin kamfani ya tashi tun kafin gwaji a kan mutane. Wannan lissafi yana da rauni. Da zarar ƙwayoyin sun shiga jini, furotin ApoE yana manne musu ya kai su hanta, shi ya sa isa huhu ko ƙwaƙwalwa ke da wuya. Ko sun shiga ƙwayar halitta, RNA kaɗan ne ke kuɓuta ya yi aiki. Mai ciwon daji kan jure illa mai tsanani na 'yan watanni, amma mai cutar da za a yi shekaru ana masa allura ba zai jure ba, kuma garkuwar jiki na iya fara yaƙar PEG ɗin. Ga kuma rigimar haƙƙin mallaka: a 2022 kamfanonin Arbutus da Genevant sun maka Moderna a kotu kan wannan fasaha.